Zartsi a Gaba ta Bakwai

Tunda ka shigo kana huci don masu duba maƙala sun dawo maka da taka duk jan biro, zauna ka ji wani misali.

Wani mahaƙin rijiya ya shafe wata biyu a cikin rami kafin ya cim ma ruwa a gaba goma sha biyu. A al'adar masu sana'ar a yankinsu, ba a buɗe wa gari sabuwar rijiya sai mahaƙa uku sun duba ta. Shi kuwa duk ya ƙagu, don matan ƙauyen tafiyar rabin yini suke yi neman ruwa, ga shi ya riga ya cika baki gaban mai gari cewa ruwansa garɗi gare shi kamar na sama. Na farko cikin mahaƙan ukun sai da aka yi mako biyu ana aike kafin ya ga damar zuwa. Na biyu ya leƙa, ya ce gugan ya yi ƙanƙanta, ya kama hanya. Na uku, wanda tun suna samari ba sa ga maciji da juna, ya kurɓi ruwan ya furzar, ya ce, "Akwai zartsi. Daga gaba ta bakwai yake tsattsafowa."

Ran mahaƙin ya ɓaci ƙwarai. Ruwan da yake sha kullum tun ranar da ya ɓullo? Ya ce a ransa hassada ce kawai, mutumin nan so yake a ce da shi aka yi aikin. Har ya yi niyyar buɗe abinsa, sai ya tuna cewa da wannan ruwan za a dama wa yara kunu. Ya daure ya yi kwana uku yana shan na tsohuwar rijiyar can mai nisa da matan ke ɗebowa, sannan ya dawo ya kurɓi nasa. Sai da ya yamutsa fuska. Ashe harshensa ne ya saba da zartsin har ya daina ji. Kunya ta kama shi. Ya sauka gaba ta bakwai, ya tarar da tsattsafin daidai inda aka ce, ya toshe shi da dutse da siminti, ya yashe rijiyar, ya jira sabon ruwa.

Ran da aka buɗe ta, na ukun ya zo ya sha moɗa guda, ya goge baki, ya yi tafiyarsa. Har yau da sunan mahaƙin ake kiran rijiyar, wancan kuwa ba mai ko tuna shi. Saboda haka ɗauki takardarka ka koma teburinka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.