Wadda Aka Kawo Asibiti

"Likita, duba min ita da kyau," in ji uwar mijina, tana nuna ni da mafici. "Tun da ta haihu ta zama masifaffiya. Ba wanda ke shan ruwa a gidan ɗana."

Na sunkuyar da kai, jaririna a kafaɗa.

Likitar ta ce akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya da sinadaran jikin mace kan birkita bayan haihuwa, ko lokacin ɗaukewar al'ada. In ta birkice, sai yawan faɗa, gumi, rama da rawar hannu.

"Kin ji ko? Ga ciwo, ga rashin tarbiyya," in ji Mama.

Likitar ta lalluba wuyana, ta ce lafiyata ƙalau.

Mama ta miƙe tana sababi, gumi na tsiyaya, har mayafin da take naɗe wuya da shi ya zame.

"Sha ruwa ki huce, Mama," in ji likitar, tana miƙa mata kofi.

Kofin na rawa a hannunta. Tana haɗiya, wani kumburi ya hau ya sauka a wuyanta. Likitar ta dube ni.

"Na gani. Kamar yadda kika faɗa min a waya."

Mama ta juyo a hankali. "Munafuka. Ke kika ƙulla wannan?"

"Ni ce, Mama. Kin rantse ba za ki taka asibiti ba, shi ya sa na yi ta miki rashin kunya har kika kawo ni. Zauna, ke ake jira."