Sabuwar Kwamfuta a Masana'antar Takalma

Tun da ka ce kwamfutar da ta fi sauri ita ce ta fi kyau, bari in ba ka misali.

A zamanin da ƙananan kwamfutoci suka fara shigowa Kano, wani mai masana'antar takalman roba ya ɗauki injiniya ya haɗa masa injinsa da kwamfuta. Aikin injin shi ne ya sauko da ƙarfe mai zafi ya danne roba, ya ɗaga, ya dakata har ma'aikaci ya zura hannu ya zare takalmin, sannan ya sake saukowa. Dakatawar nan ce ta ba injiniyan wuya. Ƙwaƙwalwar kwamfutar wancan lokaci ba ta san minti ko daƙiƙa ba. Abin da ta sani kawai, kowane umarni yana cin bugu kaza na agogon cikinta, babu ragi babu ƙari. Ko dai injiniyan ya ƙara wani ɗan allo mai auna lokaci, wanda sai an aiko da shi daga waje, ko ya sa ƙwaƙwalwar ta yi ta ƙirgen banza har ma'aikaci ya janye hannu. Maigida ya tsaya masa a ka, sai ya zaɓi ƙirgen. Ya gwada, ya yi daidai da hannun mutum. Aka shekara da shekaru lafiya, injiniyan ya bar gari, kowa ya manta cewa nawar tsohuwar kwamfutar ce ke tsare hannuwan ma'aikata.

Da ɗan maigidan ya karɓi masana'antar, ya dube ta ya ce, "Wannan akwalar ai kunya take ba mu a gaban baƙi." Ya sayo sabuwa, aka kwafe umarnin duka, ko harafi ba a canja ba. Sabuwar ba ta yi kuskure ba. Ta ƙirga abin da aka ce ta ƙirga, sai dai ta gama kafin ƙiftawar ido. Magidancin da ke kan injin a safiyar nan ya zura hannun dama yadda ya saba, ƙarfen ya sauko. Hukuma ta garƙame masana'antar, dillalan Kasuwar Wambai da ke sayen takalmansu suka koma wa wasu. Shi kuwa mutumin yana gida, yana koyon ɗaure tazugen wandonsa da hagu da haƙori.

Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.