Ilko Ba Ya Saukowa

Kaka Tsvetana ta banko ƙofar ofishin makarantar, ko gaisuwa babu.

"Ke ce malamar Ilko? Tun da na'urar hawa benenku ta lalace nake tsayawa bakin shinge lokacin da yara ke fita tara. 'Ya'yan mutane na tsalle a fili, jikana na can sama kan keken guragu kamar kayan ajiya! Wai makarantar kowa da kowa. Ƙarya kuke!"

"Kaka, zauna mana..."

"Ban zo zama ba. Yau zan ɗauke shi, kuma ba zai dawo ba."

Malama Rumyana ta shige gaba. Tsohuwa ta bi ta har hawa na uku, tana haki tana zagi. Ta san abin da za ta tarar: yaro shi kaɗai, ya manna goshi a taga.

Ta tura ƙofar ajin. Zafi da ƙamshin banitsa, wato gasasshiyar waina mai cuku, suka buge ta. Yara ne maƙil, ana buga ƙwallon tsumma, Ilko ne mai tsaron gida.

"Ran da na'urar ta tsaya suka yanke shawara," in ji malamar. "In Ilko bai sauka ba, ba mai sauka. Na yi na yi, sun ƙi."

Wata yarinya ta ce, "Kaka, matsa mana, kin tsaya mana a raga!"

Tsvetana ta gyara ɗankwalinta.

"Malama, nuna min ofishin ɗan iskan da ya ƙi gyara na'urar nan. Ashe jikoki ashirin ya kulle min."