Ƙuri'ar Hajaru

"Zan mayar maka da ƙuri'ar jikarka, kai kuma ka ba ni taka, har bayan ranka," in ji Tanko dillalin ƙuri'a.

Baba Gambo ya dangwala yatsa a takardar cinikin bai ɗaga kai ba. Shekarar da doka ta halatta cinikin ƙuri'a, shi ya kai ta Hajaru kasuwa tun tana zanen goyo, ya rufa ɗakinsa da kwano. Lokacin cewa yake an gama rabo tun kafin a buɗe akwati.

Yau da safe sai ga Hajaru ta ci ado. "Kaka, shirya ka raka ni zaɓe. In sata za su yi, su yi a gabana." Abin da ya sa ya sulale wurin Tanko ke nan.

A rumfar zaɓe na'ura ta karɓi yatsanta. Ta juyo tana dariya. "Tsoho mai ran ƙarfe, saura kai."

"Yatsan ne ke ciwo," ya ce, idonsa a ƙasa.

Hajaru ta sami ƙuri'arta, ba ta ma san ta taɓa rasa ta ba. Tanko ya sami mai zaɓen da ba ya mutuwa. Gambo kuwa, ko a kabari ba zai huta da zaɓen ɓarayi ba.