Fiton Koci

Kyaftin yana ɗaure igiyar takalminsa a ɗakin canja kaya lokacin da Dogo, sabon ɗan wasan bayan da aka ɗauko farkon kakar ƙwallo, ya zauna kusa da shi ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, ban so in gaya maka ba. Na ji Koci yana ce wa shugaban kulob wai ƙafarka ta tsufa, ba za ka iya matsi ba."

Igiyar ta tsinke a hannun Kyaftin.

Matsi shi ne abin da sabon kocin ya sa a gaba. Da zarar abokan hamayya sun mayar da ƙwallo baya, sai ya sa yatsu a baki ya yi fito, kowa ya ruga lokaci guda. 'Yan gaba su rufe mai ƙwallo, 'yan tsakiya su toshe hanyoyi, 'yan baya su matso. Kullum a wurin atisaye yana nanatawa cewa in mutum ɗaya ya tsaya, ya buɗe wa ɓarawo ƙofa.

To, Kyaftin ya san yadda ake buɗe ƙofa. Da haka ya ga bayan wani koci shekarun baya, dattijo mai sanyin hali wanda ya yi gangancin ajiye shi a benci. Ya zuga 'yan wasa suka yi sanyin ƙafa, aka yi ta zura musu, aka kori dattijon da jifa, har yau babu kulob ɗin da ya sake kallonsa.

"Ranar babban wasa," in ji Kyaftin, "in ya yi fitonsa, kada wanda ya motsa. Ya sha kunya a gaban shugaban da ya kai ƙarata wurinsa."

"Kada sunanka ya fito, Yaya. Bar ni in bi yaran ɗaya bayan ɗaya."

Duk makon nan, in suka haɗa ido sai Dogo ya gyaɗa kai. Sauran kuwa ko a fuska. Suna ta barkwancinsu, suna gudu kamar an kunna musu inji. Kyaftin har ya yaba da iya riƙe sirrinsu.

Ranar wasa fili ya cika maƙil. Ba a jima da farawa ba aka mayar da ƙwallo baya, fiton ya tsaga iska. Kyaftin ya riƙe ƙugu ya tsaya.

Kowa ya ruga.

Ta gefen Kyaftin aka zura ƙwallon, ta wannan wawakeken gurbi da ya bari, sai raga. Ya waiga yana huci. Dogo ya ɗaga masa hannu daga baya, alamar tsoro ne ya kama yaran, a jira na gaba.

Fito na gaba ya zo. Ya sake tsayawa, aka sake rugawa aka bar shi. Biyu da nema.

Babban allon filin ya yi ta maimaita hoton: riguna suna gudu, mutum ɗaya tsaye riƙe da ƙugu. Magoya bayan da suka yi shekaru suna rera sunansa suka fara ihun "Ya sayar! Ya sayar!" Robar ruwa ta faɗo gabansa. Aka ɗaga lambarsa, alamar an canja shi.

A bakin layi ya shirya wa zagi, sai ya tarar da fuskar Koci babu fushi, sai ruɗewa.

"Me na yi maka, Kyaftin? Ni da na tsaya kai da fata na hana a sayar da kai?"

Sai ga Dogo ya iso da gudu don karɓar kambun kyaftin. Yana zare shi daga damtsensa a hankali, kamar mai ladabi, ya sunkuyo daidai kunnensa.

"Koci bai taɓa cewa ka tsufa ba, kuma ban gaya wa yaro ko ɗaya komai ba. Dattijon nan da ka sa aka kora da jifa yana gida yana kallo. Babana ne."