Fetur a Rijiyar Mai Lambu

Ranar Talata ce, ƙarfe bakwai da kwata na safe, damina ta ɗauke ke nan, wani mai lambu ya ja guga daga rijiyar da mahaifinsa ya haƙa, sai ya ga maiƙo mai launin bakan gizo yana yawo a saman ruwan. Ya kai hanci, ya ji warin fetur. Da rijiyar nan yake ban ruwan albasarsa, a cikinta kuma rabin unguwa ke ɗiban ruwan sha.

A garin, in rijiya ta ɓaci, magani ɗaya aka sani: a yashe ta. Ko ƙadangare ne ya faɗa ya ruɓe, ko kyanwa, sai a kira mai yasa ya sauka da igiya a kugu, a kwashe ruwan ƙaf, a fid da lakar gindi, a bar sabo ya ɓuɓɓugo. Dabara ce mai kyau, ta kuma yi wa kakanni aiki. Haka aka yi. Ruwa ya dawo garau, amma kafin mako warin ya komo, ya fi na da. Mai lambu ya ce ba a yashe da kyau ba, ya aro injin ban ruwa ya yi ta zuƙarta. Da mai yasa ya sake sauka, sai da aka jawo shi sama jiri yana ɗibarsa, yana amai. Ya rantse ba zai ƙara shiga ba ko da lambun za a ba shi.

Mai unguwa ya kai kuka gaba, aka turo wata mata mai binciken ƙasa da ruwa. Abin da ta fara yi shi ne hana jan ruwan. Mai lambu ya ji zafi, ya tambaye ta ko so take a bar rijiyar ubansa ta cika da ƙazanta.

Ta ce, "Baba, wannan ba daga sama ya faɗo ba, ta ƙarƙashin ƙasa yake zuwa. Duk gugan da ka ja, kiransa kake yi."

Daga nan ba ta ƙara ɓata lokaci a kan rijiyar ba. Ta bi sauran rijiyoyin unguwa tana auna zurfin ruwansu, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa ma yana da gangare kamar na rafi, ita kuwa tana so ta san inda ya fito da inda ya nufa. Da ta gane, sai ta sa aka riƙa huda ƙasa da ƙarfen haƙa, ramuka siraru, ana hawa ta inda ruwan yake gangarowa. Ƙasar kowane rami sai a zuba ta a kwalba daban, a toshe, a aika ɗakin gwaji. Waɗansu ramukan ba a sami kome ba. Ba ta ɗauke su asara ba, ta ce ramin da ya fito da tsabta shi ne ke nuna iyakar ɓarna. Mutane suna ta yi mata ba'a, mai shayin bakin hanya har ya roƙi a ajiye masa galan ɗaya in an tarar da rijiyar man. Ita dai ta ci gaba. Ramuka masu wari suka jeru, suka bi bayan gidaje, suka ƙetare titi, suka tsaya a gindin wani gidan mai da ake share harabarsa kullum, fentinsa fes.

Mai gidan man ba mugu ba ne. Ya ce kowace safiya yana tsoma sandar awo a tankinsa, ɗan abin da yake raguwa kuwa zafin rana ne ke shanyewa, haka ya tarar ana faɗi. Aka kwashe man, aka tone tankin, aka ɗago shi. A gindinsa tsatsa ta ci wata 'yar huda wadda ba ta fi ƙwayar dawa ba. Shekara da shekaru tana ɗiga cikin duhu, babu mai gani.

Aka kwashe ƙasar da ta sha mai, aka tafi da ita. Aka bar bututai a waɗansu ramukan don a riƙa ɗiban ruwa ana dubawa. Mai lambu ya tambayi matar yaushe zai sake shan ruwansa. Ba ta ruɗe shi ba. Ta ce bana dai babu, baɗi ma sai an gani, amma an toshe mafari, abin da ya saura raguwa zai yi ta yi, rijiyoyin da ke ƙasa da tasa kuma sun tsira. Albasar shekarar nan ta bushe. Mai lambu da hannunsa ya zuba wa rijiyar murfin siminti.

Ranar ɗora murfin 'yan kallo ba su daɗe ba. Waɗanda suka rage a bakin rijiya su ne mai lambu, da mai yasa da ya zo taya shi ɗauka, da mai unguwa, da matar nan tsugune a gindin bututu tana cika kwalba.

Kai da aka ɗora wa kula da jama'a, in abu ya ɓaci ka gyara, ya sake ɓaci a wuri guda, to ajiye guga, ka bi sawu. Da ma magabata sun faɗa: ruwa ba ya tsami banza.