Mai Ɗinkin Hula da 'Yar Na'urarta

Malama Hansatu, tunda gobe za ki fara tsayuwa gaban aji, zauna in ba ki wani misali kafin ki ɗauki alli.

An yi wata mata da ta shekara ashirin tana ɗinkin hula, har allura ta cinye mata ido. Abu na nesa tana ganinsa tar, amma ƙaramin rubutu sai ya zame mata kamar tururuwa. Da aka buɗe ajin horar da ungozoma, ita mutanen ƙauyensu suka tura, don sun gaji da ɗaukar mai naƙuda a bayan babur zuwa gari. Baiwar Allah ta ja bakinta ta yi gum a kan maganar idon, tsoronta kada a ce ba ta dace ba a mayar da ita gida. Sai ta samo wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, aka ƙara mata girman haruffa. Malamar ajin na bayani, ita kuwa tana dannawa a ƙarƙashin mayafi. To malamar nan akwai zafi, ba ta ɗaukar wargi. Ta ja mata kunne sau ɗaya, ta ja sau biyu, ta ce a na uku sai dai ta kwashe kayanta. Ai kuwa ranar ta zo, malama ta sake kama ta, ta ce, "Haba Iya, da girmanki? Yara su yi wasa da waya, ke ma ki yi?" Aji ya kwashe da dariya. Malama ta karɓe na'urar, ta miƙa mata littafi, ta ce in da gaske tana bin darasi ta karanta layin farko. Matar ta matso da littafin, ta nisanta shi har iya tsawon hannunta, amma ta kasa karantawa. Wallahi abin tausayi, ta gwammace a kira ta mai wasa da a gane ba ta gani.

Malama ta kunna na'urar don ta nuna wa aji irin shiriritar da ake yi. Me za ta gani? Kalma uku-uku ke cika fuskar abin, kowane harafi kamar ƙwayar gyaɗa: yadda ake wanke hannu, yadda ake ɗaure cibiya, alamomin da in an gani a garzaya asibiti. Tun daga ranar farko babu darasin da ya kuɓuce mata. Kunya ta lulluɓe malama. Ta mayar mata da abarta da hannu biyu, ta ce, "Iya, ki yafe mini. Ɗora ta a kan tebur, ki daina ɓoyo."

Don haka in kin ga babba ya sunkuya yana abin da bai yi miki ba, ki tambaya tukuna kafin ki yanke hukunci. Hausawa sun gama magana da suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.